Yadda Muka Kai Idon Habu Mai Agogo Marwa

Tun da muka dawo daga Kamaru bakina bai huta ba. A majalisarmu ta bayan la'asar a Gyadi-Gyadi an tambaye ni, a kasuwar Tarauni an tare ni, har a wajen jana'iza wani ya matso yana yi mini raɗa, wai da gaske ne a can sai an ciro ido an wanke shi a faranti sannan a mayar? Shi kuwa mai idon, in ka tambaye shi, iyakarsa "mun je lafiya, mun dawo lafiya," ya ci gaba da tonon agogonsa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni ma in samu in sha ruwa.

Ga wanda bai san mu ba, ni ne Isyaku, tsohon malamin firamare. Habu kuwa shi ne mai gyaran agogon nan mai ɗan teburin gilashi a bakin titi, kusa da matsayar 'yan acaɓa. Taubashina ne, mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, saboda haka abin da na ga dama nake faɗa masa, shi ma ba ya raga mini. Ina kiransa bawana, yana kirana makararre, domin agogon hannuna ya yi shekara da shekaru yana ja da baya, kuma duk sanda na miƙa masa sai ya ce agogon lafiyarsa ƙalau, mai shi ne ba ya gyaruwa.

Ido ɗaya gare shi. Na hagun ya tafi tun wancan mulkin farar hular da soja suka ture, lokacin ina koyarwa a ƙauye. Wani mai maganin ido mai yawo ne ya sauka a unguwa, ya duba ya ce yanar ido ce, zai kawar da ita da allura. Ƙarti suka danne Habu a tabarma, aka riƙe masa kai, aka soka. Idon ya kumbura, ya yi ruwa, ya mutu. Da ya tashi daga jinya sai ya ɗauki Alƙur'ani a gaban iyalinsa ya rantse babu abin da zai sake taɓa ƙwayar idon da ta rage masa.

Na daman nan ya riƙe shi shekaru, da shi ya ciyar da gida, da shi yake karatunsa na asuba. Har yakan yi mana alfahari wai sauran masu gyara sai sun rufe ido ɗaya kafin su sa tabaron haƙo, wannan mai ido guda da ke girmama ƙananan abubuwa, shi kuwa an hutar da shi. Sai a bara muka fara ganin abin da ba mu so. Ya bugi ƙyauren ƙofa da kafaɗa, ya yi ƙwallo da buta, mutum ya gaishe shi daga gefe ya yi ta waige yana neman mai murya. Malama Rabi, maƙwabciyarsa da ke aikin jinya a asibitin koyarwa na nan bayanmu, ita ta matsa har ya yarda muka je sashen ido.

Likitan matashi ne mai haƙuri. Ya haska cikin idon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce hawan jinin ido ne. Wai akwai ruwa a cikin ido, in ya rasa mafita sai ya matse jijiyar gani, ya riƙa cin ta daga gefe zuwa tsakiya, ba ciwo ba ƙaiƙayi, kuma abin da ya ci ya ciwu. Ya ce Habu ya rufe ido ya kalli ƙasa, ya ɗan danna saman fatar da yatsu biyu.

"Baba, na ji tauri," in ji shi, "amma yatsa ba ya ba da lamba. Sai mun auna."

"Da me ake aunawa?"

Ya nuna masa wani ɗan ƙarfe mai kamar ma'aunin zinariya, wanda ake ɗora wa mutum a kan ido yana kwance. Ya nuna masa kuma wani mai shuɗiyar fitila, wanda mutum zai ɗora haɓa, wani ɗan tsinin roba ya matso ya ɗan taɓa. Ya ce za a ɗiga magani tukuna, ba zai ji komai ba.

Habu ya ce, "Wancan ma haka ya ce." Ya ɗauki hularsa.

An ba shi maganin ɗigawa duk da haka, amma likita ya gaya mana gaskiya: in ba a auna ba, babu wanda zai san ko maganin yana aiki ko kuwa idon yana tafiya a hankali. Malaman unguwa babu wanda bai yi masa maganar kaffara ba, cewa wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya yi alherin ya ciyar da miskinai goma. Ya ce ya ji. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi.

Ana nan sai Ɗanlami, direban bas a tashar Unguwa Uku, ya kawo agogo gyara, ya ba da labarin wani asibitin mishan a gefen Marwa inda ya kai surukinsa. Ya ce akwai na'urar da ke auna ido da iska kawai, ta hura maka fuf, ba ta taɓa ka. Ranar Habu har ƙofar gidana ya zo. Iyalinsa suka ce ni zan raka shi, don ni kaɗai ne in ya yi taurin kai zan iya zaginsa a zauna lafiya.

Muka tashi daga Unguwa Uku bayan sallar asuba, cikin damina, soja ba su daɗe da miƙa mulki ba. A hanya ka ga buhunan yashi a jere inda dā ake tsare mutane, ciyawa ta fara fitowa a kansu. 'Yan sanda dai suna nan, su ba sa miƙa mulki. Tun daga Wudil aka kaure da musu a motar. Wani mai babbar riga ya ce farar hula ba za su shekara ba. Wata Hajiya mai fataucin busasshen kifi ta ce masa, "Alhaji, bakinka ya sari ɗanyen kashi. Ku bar mu mu ɗan ɗana, ko zagin gwamna ne mu yi a mota ba mai kama mu." Aka yi dariya, kuma daga nan har Azare gwamnan kowa ya sha.

A Potiskum muka ci tsire mai kyau, Habu ya ce ya fi na Kano, na ce ai bawa duk inda aka ba shi nama nan ne garinsu. Gab da Damaturu taya ta yi faci. Muka fito muka tsaya a inuwa, mai faci ya gama aikinsa, yaron mota ya bugi tayar da ƙafa ya ce ta yi. Mai facin ya ce a'a, ya ɗauko geji ya dafa a bakin bawul, ya ƙara iska. Na taɓa Habu na ce, "Bawana, ka ga ko taya sai an taɓa ta ake sanin cikinta." Sai da muka koma mota ya ce taya in ta fashe ana sayen wata.

A Maiduguri muka kwana gidan wani abokin Ɗanlami, Babarbare, wanda gaisuwarsa kaɗai ta isa a dafa shayi a sauke. An ba mu burabusko da miyar kuɓewa, ɗakin kuma ya sha turaren wuta har rigunanmu suka kai ƙamshin Kamaru. Da safe muka bi ta Bama zuwa Banki.

Ni da na koyar da taswira shekaru, ina tsammanin iyaka wani babban abu ne. Ashe kasuwa ce guda, an gitta ƙarfe a tsakiyarta. Nan Banki, taku kaɗan Amcide, mai shayin wannan ɓangaren yana aron sukari a wancan. Muka canji sefa a hannun wani mai jaka, aka duba takardunmu da katin rigakafi, muka ƙetara. A nan ne na ga abin da ya tayar mini da hankali. Wani jandarma, ɗan sandan can, yana zaune a benci ta hannun damanmu, ya ɗaga wa Habu hannu ya tsaya. Habu ya wuce shi kamar bango, kuma ta ɓangaren idon mai gani ne. Jandarman ya taso a fusace yana zuba Faransanci, ya riƙe masa riga. Sai da wata mai sayar da gyaɗa ta fassara, na nuna idon, na nuna takardar asibiti. Mutumin ya sake shi, ya miƙa hannu gefen fuskar Habu yana kaɗa yatsu. Habu bai ƙifta ba. Sai jikin jandarman ya yi sanyi, ya ce mahaifiyarsa ma haka ta fara, kuma shi da kansa ya sa mu a motar Mora. A motar ban yi tsokana ba, tsoro ne ya kama ni sosai, domin ban san abin ya ci har nan ba.

Marwa gari ne mai inuwa, darbejiya a jere a kowane titi. Mun sauka wajen Alhaji Sani, mai sayar da fatu, wanda kakansa ya baro Kano da niyyar aikin hajji a ƙafa, ya tsaya hutawa a Marwa, hutun da har yau jikokinsa ba su gama ba. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, yana tambayata unguwannin cikin birni da sunayen da tun ina yaro na daina ji. 'Ya'yansa kuwa Fillanci suke yi a tsakar gida. Wannan ya rage mini girman kai, don mu Kanawa mun ɗauka duk inda rana take fitowa ana jin Hausa. A kasuwar Marwa in ba ka iya "jam na" ba, gaisuwar Fillanci, sai ka koma nuni da yatsa kamar kurma.

Abincinsu bai yi nisa da namu ba: tuwon jar dawa da miyar yakuwa mai tsami, da kunun gyaɗa mai shinkafa a ciki wanda har yanzu nake kewarsa. Burodinsu ne abin kallo, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa yana yanka dasashi, kuma a hammata suke saƙalo shi tsirara ba takarda. Habu ya ce wannan ba na ci ba ne, sai dai a yi faɗa da shi. Suna da yawan musafaha, mutum ya ba ka hannu da zai shiga ɗaki, ya ba ka da zai fito. Na ga mata suna tuƙa babur da zanensu, ba wanda ya waiwaya sai mu biyu.

Kuskurenmu na farko, mun yi irin ta gida, muka ce bari rana ta ɗan yi sama layi ya ragu. Muka isa asibitin da azahar muka tarar da ƙofa a rufe. Ashe can da rana ta take kowa gida yake tafiya ya ci ya kwanta, har likita, kuma katin ranar an gama rabawa tun da safe. Habu ya dubi agogona ya ce ga abin da ake samu in an bi makararre.

Washegari muka yi sammako. Marasa lafiya suna zaune a gindin bishiyoyi, wasu daga Cadi, wasu daga namu ɓangaren. Likitar mace ce, 'yar kudancin ƙasar, mai furfura a gaban goshi, ba ta jin Hausa. Wani ma'aikacin jinya Bafulatani mai suna Hamadu shi yake fassara. Habu bai bari an gaisa sosai ba ya ce shi na iska ya zo nema. Hamadu ya yi murmushi ya kai mu.

Na'urar tana nan kuwa, Ɗanlami bai yi ƙarya ba. Habu ya ɗora haɓa, ya ƙura wa wata 'yar fitila ido, sai fuf. Ya zabura har hularsa ta faɗi. Aka sake, ya runtse ido kafin iskar ta iso. Aka yi ta fama dai har aka samu. Ya tashi yana share hawaye yana dariya, ya ce ai irin ɗan famfon da yake hure ƙurar agogo ne. Rabon da in ga haƙoransa haka an daɗe.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Likita ta dubi lambar, ta haska cikin idon, ta yi magana mai tsawo. Hamadu ya ce, "Baba, ta ce lambar ta hau da yawa. Amma na iskar nan na tacewa ne, yakan ƙara, musamman ga mai matse ido irinka. In gaskiyar lambar ke nan, sai an yi aiki. In ba ta kai haka ba, magani zai iya riƙewa. Ba za ta yanke hukunci a kan ido ɗaya tilo ba sai ta auna da mai shuɗiyar fitila." Ya nuna shi a kusurwa, irin na Kano sak. "Kuma ta ce wannan ciwon awo yake so har ƙarshen rai. Za ka riƙa zuwa Marwa duk bayan 'yan watanni?"

Habu ya ɗauki hularsa, kamar dai a Kano.

Na same shi a gindin bishiya. Raina ya ɓaci, gajiyar hanya ta taso mini, na ce, "Habu, ka daina fakewa da Alƙur'ani. Ka fi ni sanin kaffara. Tsoro kake ji, kuma tsoron nan shi zai makantar da kai, ba likita ba."

Ya ce, "Isyaku, kai ba a taɓa danne ka ba. Ina ganin allurar tana tahowa, ina cewa a tsaya, ba wanda ya tsaya."

Na tashi na koma ciki, na ce wa Hamadu ni a auna ni da mai taɓawar. Likita ta ce dā ma tana so, tun da jininmu ɗaya, ciwon yana bin dangi. Ina zama sai ga Habu a bakin ƙofa. Ya ce a tambaye ta ko zai iya kallo. Ta matsar masa da kujera dab da kafaɗarta, sai ya laluba aljihu ya ciro tabaron haƙonsa ya maƙala a ido.

Ba zan ɓoye muku ba, a tsorace na ɗora haɓa. Aka ɗiga mini wani magani mai ɗan yaji, aka sa wani mai launin ruwan ɗorawa. Shuɗin zobe ya taho, ya yi ta girma har ya cika mini duniya. Na riƙe numfashi ina jiran zafi. Da na gaji na ce, "Hamadu, ce mata ta yi abin da za ta yi mana."

"Malam, ai an gama wannan, saura ɗayan."

Da aka gama duka na juya ina shirin yi wa Habu kuri, sai na ga ba ni yake kallo ba, hannun likitar yake kallo. Ya cire tabaron ya ce a hankali, "Hannunta ba ya rawa. Kuma da ka motsa, ja da baya ta yi, ba ta bi ka ba."

Likitar kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce nawa ma ya ɗan haura, idon hagu ya fi, in na koma gida in je a sake dubawa kada in yi wasa. Ni da na zo rakiya. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, ashe nawa ya riga ya fara hayaƙi ban sani ba.

Ina cikin wannan juyayin Habu ya ce in tashi masa daga kujera. Ya zauna, ya miƙa mini hularsa, ya ce wa Hamadu, "Gaya mata abu ɗaya. Kada kowa ya riƙe ni. In na ce a tsaya, a tsaya." Ta ce ta yarda. Hamadu ya koma jikin bango, ni na maida hannuwana baya. Shi da kansa ya ɗora haɓa, ya yi bismilla. Da zoben ya matso sai ya ce, "Tsaya." Ta tsaya, ta ja baya, ta jira. Ya yi numfashi, ya ce ta zo. Ni dai ban ga sauran ba, idona ya cika da ruwa, kuma ba na maganin ba ne.

Lambar ba ta kai ta iska ba, amma ba ta sauka inda ake so ba. Ta ce ba sai an yi aiki yanzu ba, ta ƙara masa magani na biyu, ta ce gefen da ya tafi ba zai dawo ba, tsakiyar kuwa in an kiyaye za ta iya kai shi ƙarshen rayuwa. Ta tambayi nisan gidansa da asibitin da ke da irin wannan na'ura. Da Hamadu ya fassara mata cewa da ƙafa muke zuwa, ta ajiye alƙalami ta yi dariya har da riƙe ciki.

Dawowa ba ta da labari, sai dai jandarman nan ya gane mu a Amcide ya ba mu hannu sau biyu. Kwana biyu da isowarmu Habu ya sa aka dafa shinkafa da wake da nama ya ciyar da miskinai goma. Na ce a lissafa da ni, ya ce malamin makaranta mai jiran fansho ya cancanta, amma taubashi ba ya shiga. Mun koma wajen matashin likitan nan tare. Bai ce mana ai na faɗa muku ba, Allah ya yi masa albarka. Ya auna mu mu biyu, ya tabbatar da nawa, ni ma ya rubuta mini magani, safe da yamma, a kan lokaci.

Da muka fito muka biyo ta teburin Habu, sai ya ce in ba shi hannuna. Ya kwance agogon nan da ya ƙi taɓawa shekara da shekaru, ya maƙala tabaronsa, ya buɗe bayansa, ya sunkuya. Na tsaya ina kallon idon nan guda yana bin ƙananan haƙoran da ni da nake da biyu ba na iya gani. Ya gama, ya saita shi da nasa, ya ɗaura mini da kansa.

"Maganinka ƙarfe bakwai na safe da ƙarfe bakwai na yamma," in ji shi. "In ka makance, makararre, wa zai ja ni?"